Me ya sa hoton cikin ɗaki yake fitowa da tsaki-tsaki a Blender, kuma yaya ake magance shi?

"Assalamu alaikum. Ni mai zanen gine-gine ne, kuma ina amfani da manhajar zane ta Blender wajen nuna wa masu gida yadda falonsu zai kasance kafin a gama ginin. Hoton wajen gida yana fita tas, amma da zarar na shiga cikin ɗaki sai hoton ya cika da tsaki-tsaki, ƙananan ɗigo masu duhu da masu haske a cakuɗe, ga kuma wasu fararen ɗigo a bango da silin. Na ɗaga samfur daga 500 zuwa 2000, kwamfutata ta kwana tana aiki, amma bambancin bai taka kara ya karya ba. Da na kunna matacin da ke goge tsaki-tsakin, sai zanen kafet da na labule suka narke, a bidiyo kuma bangon ya riƙa rawa. Falon yana da tagogi biyu masu gilashi, da tayil mai sheƙi, da ƙananan fitilu goma sha biyu a silin. Ina matsalar take?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku ne suka haɗe maka a hoto guda: tsaki-tsakin da ya mamaye ko'ina, fararen ɗigon da suke warwatse nan da can, da kuma ɓarnar da mataci yake yi wa zanen kayan ɗaki, wadda ta fi fitowa fili a bidiyo. Ido yana ganinsu kamar cuta ɗaya, amma kowannensu da sanadinsa, kuma maganin wannan ba lallai ne ya warkar da wancan ba. Daga bayaninka na ɗauka da Cycles kake aiki, wato injin Blender da yake lissafa haske ya fitar da hoto, don haka a kansa zan gina amsar. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne cewa tsaki-tsaki alama ce ta wahalar da kwamfuta take sha kafin ta gano inda haske yake fitowa, kuma wanda ya sauƙaƙa mata wannan neman ya fi wanda ya ƙara mata awoyin aiki samun hoto mai tsabta.

Asalin tsaki-tsaki

Cycles, wanda ya fara zuwa a cikin Blender 2.61 a ƙarshen shekarar 2011, yana aiki da dabarar bin sawun haske wadda James Kajiya ya gabatar a 1986. A zahiri haske yana tasowa ne daga rana ko fitila, ya yi ta karo da bango da ƙasa da kayan ɗaki, sannan wani ɗan kaso daga cikinsa ya shiga ido. Kwamfuta tana bin hanyar ne daga baya. Daga kowane fiksel, wato kowane ɗaya daga cikin ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton, takan harba kibiyar haske zuwa cikin ɗakin, kibiyar ta bugi wani abu, ta karkata zuwa wata fuska da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ta sake bugun wani abu, har sai ta isa ga haske ko kuma ta mutu a hanya. Tafiya ɗaya irin wannan ita ce samfur ɗaya, kuma launin da fiksel yake ɗauka a ƙarshe shi ne matsakaicin abin da dukkan kibiyoyinsa suka kawo. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da fiksel 2,073,600, kuma kowannensu yana jefa tasa ƙuri'ar daban da ta maƙwabcinsa. Fiksel biyu da suke manne da juna a bango guda, waɗanda ya kamata launinsu ya zo ɗaya, sai su sami amsa mabambanciya domin kibiyoyin wannan sun yi sa'ar cin karo da taga, na wancan kuwa sun ɓace a ƙarƙashin kujera. Wannan saɓanin shi ne tsaki-tsakin da kake gani.

Ka ɗauka an aike ka kasuwa ka gano matsakaicin kuɗin da ke aljihun mutanen cikinta, kuma ba za ka iya tambayar kowa ba. Idan ka tsayar da mutum goma, abokinka shi ma ya tsayar da wasu goman, amsoshinku za su sha bamban sosai, amma idan kowannenku ya tambayi dubu, za ku kusanci juna. Idan kuwa a cikin gomanka ka yi kiciɓis da wani attajiri ɗauke da kuɗin sayen tirelar kaya, lissafinka zai yi sama fiye da kima, kuma sai ka tambayi mutane masu yawan gaske kafin ya sauko. Saɓanin farko shi ne tsaki-tsaki na yau da kullum, attajirin nan kuma shi ne farin ɗigo. Lissafin wannan dabara yana da ƙa'ida da ba ta sauyawa: kafin tsaki-tsaki ya ragu da rabi, sai an ninka samfur sau huɗu. Da ka tashi daga 500 zuwa 2000, ka biya ninki huɗu na lokaci, abin da ka samu kuma rabin tsaki-tsakin ne kawai ya tafi. Kafin ragowar ta sake raguwa da rabi sai ka kai 8000, bayan nan sai 32,000. Shi ya sa ƙara samfur ya zama hanya mafi tsada a cikin dukkan hanyoyin da kake da su, kuma ita ce ta ƙarshe da nake komawa gare ta.

Masu gina injinan nan sun san ƙuri'a zalla ba za ta wadatar ba, don haka suka ƙara wata dabara. A duk inda kibiya ta sauka, injin yana aika wata kibiyar ta biyu kai tsaye zuwa ga ɗaya daga cikin fitilun da ya sani, domin ya duba ko akwai abin da ya tare tsakani. Idan hanya a buɗe take, an sami haske nan take ba tare da jiran sa'a ba. Eric Veach, a aikinsa na jami'ar Stanford a tsakiyar shekarun 1990, ya nuna yadda za a haɗa wannan da ƙuri'ar karkatar kibiya ta yadda kowace dabara za ta rufe gazawar 'yar'uwarta, kuma kusan duk injinan zamani a kan wannan suke tafiya. Wannan ne sirrin tsabtar hoton wajen gidanka, domin a waje kusan kowane wuri yana kallon rana ko sararin sama kai tsaye. A cikin falo kuwa, mafi yawan bango da silin ba sa ganin rana, hasken da suke samu na hannu na biyu ne ko na uku, wanda ya shigo ta ƙaramar kafa ya daki tayil sannan ya bazu.

Bincike kafin magani

Kafin ka taɓa kowane saiti, ka kashe mataci gaba ɗaya, domin yana ɓoye maka alamun da kake buƙatar gani. Ka zaɓi wani ɗan yanki na hoton inda abin ya fi muni ta hanyar danna Ctrl da B a cikin kallon kamara, ka sa samfur kaɗan kamar 128, ta yadda kowane gwaji zai ɗauki daƙiƙu maimakon awoyi. Sannan ka kunna rabe-raben haske a saitin shimfiɗar hoto, wato waɗanda suke ware hasken kai tsaye daga hasken da ya biyo ta karo, su kuma ware na jikin abubuwa marasa sheƙi daga na masu sheƙi da na masu ratsuwa. Idan ka duba su ɗaya bayan ɗaya, za ka ga wanda ya fi datti, kuma a ɗaki irin naka kusan kullum hasken karo na bango da silin ne. Wani gwajin da nake yi a kowane aikin cikin gida shi ne in lulluɓe komai da launin toka marar sheƙi, in ɓoye gilasan tagogi, in fitar da hoton a haka. Idan ya fito da tsabta, na san laifin yana jikin kayan ne, sai in riƙa dawo da su ɗaya-ɗaya har in kama mai laifin. Idan kuma a hakan ma da datti, to tsarin hasken ne yake buƙatar gyara.

Gilashin taga

Zatona mafi ƙarfi yana kan tagogin nan biyu. Kibiyar nan ta biyu da na ambata, mai zuwa kai tsaye ga fitila, a miƙe take tafiya, ba ta san lanƙwasa ba. Gilashi na gaskiya kuwa yana lanƙwasa haske, saboda haka idan ta iso gare shi sai injin ya ɗauke shi a matsayin shamaki, ya rubuta cewa wurin yana cikin inuwa. Daga nan hanya ɗaya ce ta rage wa hasken rana ya shigo falon, wato kibiyar ƙuri'a ta tashi daga tayil, ta yi sa'ar nufar taga, ta ratsa gilashin, sannan ta faɗa daidai kan rana, wadda faɗinta a sararin sama bai wuce kimanin rabin digiri ba. Wannan ba ya faruwa sai jefi-jefi, kuma duk lokacin da ya faru kibiyar tana dawowa da haske mai tsananin ƙarfi. Ka ga ke nan gilashi guda ya haifar maka da duhun ɗaki da tsaki-tsaki da fararen ɗigo a lokaci ɗaya.

Gyaran ba shi da wuya. A cikin saitin jikin gilashin, inda ake jona ƙananan akwatunan saiti da ake kira kulli (node), ka haɗa kullin gilashi da kullin Transparent BSDF ta hanyar kullin gauraya, sannan ka jawo mafitar Is Shadow Ray daga kullin Light Path ka sa ta zama mai zaɓa tsakaninsu. Ma'anar wannan ita ce kamara za ta ci gaba da ganin gilashi da sheƙinsa, amma kibiyar da ke neman fitila za ta wuce kamar babu komai a wurin. Wata hanyar da ta fi wannan sauri ita ce ka cire alamar inuwa daga saitin bayyanar gilashin ga kibiyoyi. Gilashin taga shimfiɗaɗɗe ne kuma siriri, lanƙwasar da yake yi wa haske ba ta kai abin da ido zai lura da shi ba, don haka abin da ka rasa na gaskiyar hoto ƙalilan ne. Idan ma tagar ba ta cikin abin da kamara take kallo, ni cire gilashin nake yi ɗungurungum.

Bayan gilashi sai hasken sararin sama. Idan kana haskaka ɗakin da hoton sama mai zagaye ko da samfurin sama na cikin Blender, injin yana aika kibiyoyi ta kowace fuska yana neman sama, alhali mafi yawansu bango da rufi za su tarar. Maganin wannan shi ne ka sa fitila mai faɗi a bakin kowace taga, daidai girman tagar, tana fuskantar cikin ɗaki, sannan ka kunna mata zaɓin Portal. Daga nan ta daina ba da haske, ta koma manuniya da ke gaya wa injin cewa ga kafar da sama take shigowa. Kowane samfur zai ɗan ƙara nauyi, amma abin da yake kawowa ya fi na da amfani nesa ba kusa ba. Ka lura cewa wannan manuniya hasken sararin sama kawai take taimaka wa, ba ta da tasiri a kan fitilar rana, kuma a hoton waje ba ta da amfani.

Akwai kuma launin bango, wanda mutane da yawa ba sa kawo shi a lissafi. Mai zane yana son farin fenti, sai ya ɗaga farin har ƙarshe, wato 1.0, wanda ke nufin bangon yana mayar da dukkan hasken da ya same shi. Babu fentin da yake yin haka, farin fenti mai kyau yana mayar da kimanin kashi 80 cikin 100 ne. A bango mai 0.8, bayan karo huɗu abin da ya rage na hasken bai wuce kashi 41 cikin 100 ba, don haka kibiyoyi suna mutuwa da wuri kuma lissafi yana daidaita. A bango mai 1.0 kuwa haske ba ya raguwa, sai ya yi ta kai-kawo, hoton ya wanke, inuwar kusurwa ta ɓace, lokaci kuma ya ƙaru. Ka sauke fararenka zuwa tsakanin 0.7 da 0.8, idan ɗakin ya yi maka duhu ka ɗaga buɗewar kamara a saitin launi maimakon ka ƙara wa fitilu ƙarfi.

Fitilun silin goma sha biyu su ma ina so ka duba yadda ka gina su. Abin da na fi gani shi ne a zana gidan fitilar da kyau, a sa ƙwan da ke ba da haske can ciki, a rufe bakin da gilashi ko roba, wanda ya mayar da kowace fitila irin matsalar tagar nan, sau goma sha biyu. Abin da ya fi shi ne ka raba aikin gida biyu: ka bar wani ɗan faifai mai haske a bakin fitilar domin kamara ta gan shi kawai, sannan ka sa fitilar Blender ta gaske, mai haska ƙasa, ɗan ƙasa kaɗan da bakin inda babu abin da ya tare ta. Ka kuma tabbata Blender ɗinka ya kai 3.5 ko sama, domin daga wannan fitowar ta 2023 aka shigo da tsarin bishiyar fitilu, wanda yake sa injin ya fi mai da hankali ga fitilun da suke kusa da wurin da ake lissafawa kuma suke fuskantarsa, maimakon ya ɓata kibiyoyi a kan waɗanda suke can ƙarshen falo.

Fararen ɗigo

Ko bayan gyaran gilashi, tayil mai sheƙi zai iya ci gaba da watsa fararen ɗigo a silin. Hanyar ita ce kibiya ta tashi daga silin, ta sauka a kan tayil, ta karkata kamar a madubi, ta faɗa cikin wata ƙaramar fitila mai ƙarfi. Hasken da yake biyowa ta irin wannan hanya na gaskiya ne, shi ne walƙiyar da kake gani a rufi idan rana ta daki kwanon ruwa, amma injin bin sawun haske daga kamara ba ya iya nemo shi da gangan, sai dai ya ci karo da shi. Ƙanƙantar fitila da ƙarfinta su suke ƙara munin abin, don haka faɗaɗa fitila kaɗan yana taimakawa, haka ma ƙara wa tayil ɗin ɗan kaushi, tunda tayil na gaske ma ba madubi ba ne.

A sashen hanyoyin haske akwai saiti uku da aka tanada don wannan. Na farko shi ne rufin ƙarfin samfur, wanda yake yanke duk kibiyar da ta dawo da hasken da ya haura wani adadi. Yana da gida biyu, na hasken kai tsaye da na hasken karo. Na karo yana zuwa a kan 10, kuma a cikin ɗaki nakan sauke shi a hankali zuwa 5 ko 3 ina kallon abin da yake faruwa. Na kai tsaye kuwa ka bar shi a sifili, wato a kashe, domin idan ka taɓa shi za ka kashe ƙyallin fitilu da na ƙarfe, hoton ya koma fayau babu rai. Na biyu shi ne Filter Glossy, wanda yake dusashe sheƙin abubuwa ga kibiyoyin da suka riga suka yi karo, ba tare da ya taɓa abin da kamara take gani kai tsaye ba. Na uku shi ne kashe walƙiyar madubi da ta gilashi gaba ɗaya. Ina so ka fahimci cewa dukkan ukun ciniki ne, kana ba da wani yanki na gaskiyar haske kana karɓar tsabta. Hasken da ka yanke ya tafi ke nan, kuma idan ka matsa da yawa za ka ga ɗakin ya yi duhu, musamman kusa da taga inda ya kamata hasken da tayil ya mayar ya ɗumama bango. A hoton da za a nuna wa mai gida wannan cinikin yana da riba matuƙar an yi shi da awo, amma idan ana so a auna ainihin hasken da ɗaki zai samu ne, bai dace ba.

Samfur da mataci

Sai bayan duk wannan ne maganar yawan samfur take da ma'ana. Tun daga Blender 2.83 akwai tsarin da yake barin kowane fiksel ya tsaya da kansa idan ya tsabtata, a mayar da ƙarfin kwamfuta ga wuraren da suka fi wuya. Ma'aunin tsayawar yana zuwa a kan 0.01, kuma ƙaramin adadi yana nufin ƙarin tsabta da ƙarin lokaci. Idan za a bi da mataci daga baya, 0.02 ko 0.03 yakan isa a hoto tsayayye. Abin kiyayewa a ɗaki mai duhu shi ne mafi ƙarancin samfur, domin fiksel zai iya harba kibiyoyinsa na farko duka su dawo da duhu, ya ɗauka ya gama, alhali bai taɓa cin karo da taga ba. Sa mafi ƙarancin a kan 64 ko sama yana hana wannan.

Matacin da Blender yake amfani da shi, Open Image Denoise na kamfanin Intel, ya fito a 2019 kuma ya shiga Blender 2.81 a shekarar. An horar da shi ne da ɗimbin hotuna masu tsaki-tsaki tare da tsabtatattun takwarorinsu, har ya koyi hasashen abin da ke ƙarƙashin datti. Aikinsa hasashe ne, ba ya ƙara wa hoton wani bayani da babu shi. Idan ka ba shi hoton da tsaki-tsakinsa ya fi zanen kafet ƙarfi, ba shi da hanyar bambance zaren kafet da datti, sai ya shafe su tare, kuma abin da ya same ka ke nan. Farin ɗigo kuma yakan mayar da shi wani tabo mai faɗi, wanda ya fi ɗigon muni. Domin a taimaka masa, injin yana iya miƙa masa wasu hotuna biyu na gefe waɗanda kusan ba su da datti: ɗaya na ainihin launin jikin abubuwa ba tare da haske ko inuwa ba, ɗaya kuma na fuskar da kowane wuri yake kallo. Da waɗannan yake gane cewa layin nan na jikin labule zane ne, wancan kuma bakin tebur ne. Ka tabbata zaɓin matacin yana kan Albedo and Normal, wato waɗannan hotuna biyu, tacewar farko kuma tana kan Accurate. A nawa aikin, na fi son in yi tacewar a sashen haɗa hoto, in gauraya tataccen da ɗanyen, in bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na ɗanyen ya fito. Ɗan tsaki-tsakin da ya rage yana dawo wa yadi da katako da kamanninsu, kuma ido ya saba da shi daga hotunan kamara.

Rawar da bango yake yi a bidiyo ta samo asali ne daga cewa matacin yana duba kowane firem, wato kowane hoto ɗaya daga jerin da suke zama bidiyo, shi kaɗai, bai san abin da ya yanke a firem ɗin da ya gabata ba. A wannan ya yi hasashen inuwar kusurwa ta ɗan yi duhu, a na gaba ya ce ta ɗan yi haske, idan aka jera su 24 a daƙiƙa sai bango ya riƙa motsi. Babu maɓallin da yake kawar da wannan baki ɗaya, abin da yake rage shi shi ne ba matacin hoto mai tsabta tun asali, don haka bidiyo yana buƙatar ma'aunin tsayawa mafi tsauri fiye da hoto tsayayye, kuma gyaran gilashi da fitilu ya fi yin tasiri a nan. Akwai kuma lambar da ƙuri'ar take farawa da ita. Idan ka bar ta a tsaye, tsarin tsaki-tsakin yana zama iri ɗaya a kowane firem, wanda yakan rage rawar idan kamara tana tafiya a hankali. Idan ka sa ta sauya da kowane firem, dattin yana motsi, wanda ya fi kyau ga wanda ba zai tace sosai ba. Ka gwada duka biyun a kan firem talatin kafin ka saki aikin gaba ɗaya. Lissafin lokaci ma yana da muhimmanci: bidiyon daƙiƙa 30 firem 720 ne, idan kowanne yana cin minti biyar, awa 60 ke nan. Saboda haka kada ka fitar kai tsaye zuwa fayil ɗin bidiyo. Ka fitar da jerin hotuna, PNG ko OpenEXR, ta yadda idan an ɗauke wuta ko kwamfutar ta yi zafi ta tsaya, za ka ci gaba daga firem ɗin da ka tsaya, sannan ka haɗa su daga baya.

Lahanin da samfur ba ya gyarawa

Akwai wasu lahanin da mutane suke ɗauka tsaki-tsaki ne, su yi ta ƙara samfur a banza. Baƙin tabo mai kaifin baki a bango ko ƙasa yawanci fuska biyu ne suka hau kan juna a wuri guda, abin da yake yawan faruwa idan an shigo da zane daga wata manhajar gine-gine, kuma maganinsa share ɗaya ko matsar da ita kaɗan. Gilashin da ya fito baƙi ko dai fuskokinsa sun juya ciki, wanda za ka gani da jan launi idan ka kunna nunin fuskantar fuskoki, ko kuma adadin karon da aka yarda wa kibiya ta yi a cikin abu mai ratsuwa ya ƙare kafin ta fita. Kowane gilashi mai kauri fuska biyu ne, don haka tebur na gilashi da kofuna a kansa yana cinye karo da yawa, kuma labule mai shara-shara da ya ninku yakan buƙaci a ɗaga adadin ratsawa sama da 8 da yake zuwa da shi. Inuwa mai haƙora-haƙora a jikin abu mai zagaye alama ce ta ƙarancin fuskoki a abin da aka sa wa santsi, sai a ƙara masa rarrabuwa. Layi-layin da suke fitowa a bango mai launi ɗaya inda haske yake raguwa a hankali kuwa daga fayil ɗin ne, domin hoto mai bit 8 matakai 256 kawai yake da su a kowane launi. Ka ajiye aikinka a bit 16, ka bar ɗan yayyafin ɗigo (Dither) da Blender yake sawa a ƙarshe don ɓoye layi-layin a kunne. Idan kuma za ka tura wa mai gida ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, domin matsewar da ake yi wa hoto a can tana dawo da layi-layin da ka sha wahalar kawarwa.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan bayaninka da kuma irin ɗakunan da na saba aiki a kansu, ba a kan fayil ɗinka ba, don haka gwajin rabe-raben haske shi ne zai tabbatar ko ya rushe zatona a kan gilashi. Akwai kuma ɗakunan da waɗannan dabaru ba sa isar su, kamar lungun da haskensa yake zuwa daga wani ɗaki ta ƙofa a sakaye. Don irin wannan ne aka shigo da tsarin jagorar kibiyoyi a Blender 3.4, wanda yake koyon inda haske yake fitowa yayin da yake aiki, ya riƙa tura kibiyoyi can, sai dai an gina shi ne don furosesa, ba don katin hoto ba, saboda haka sai ka auna ko ribarsa ta rufe jinkirin. Idan kuwa walƙiyar ruwa ko ta gilashi ita ce abin da ake so a gani, kamar hoton wurin ninƙaya ko fitilar lu'ulu'u, Cycles yana da wani zaɓi na musamman tun daga 3.2 da yake kama wani ɓangare nata a cikin inuwar abin, amma injin da yake bin haske daga ɓangaren fitila da na kamara a lokaci guda, irin LuxCoreRender wanda shi ma kyauta ne kuma yana haɗuwa da Blender, ya fi dacewa da wannan aikin. A falo mai tagogi biyu da tayil da fitilun silin ba na tsammanin za ka buƙaci ko ɗaya daga cikinsu.